Yashi a Bakin Tashar Arnal

Foz do Arnal, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗan'uwana Amandio,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan matanku biyu da ban taɓa gani ba sai a hoto. Mu nan da sauƙi. Mijina Belmiro yana fama da ciwon bayansa kamar kullum, ni kuma gwiwa ce, amma muna tsaye.

Na san za ka juya ambulan ɗin nan kana tunanin wace ce kuma Idalina. To ni ce jikar Ermelinda, yayar kakarka. Ni ce nake tsamo ka daga cikin kwandon kifin sadin kana ɗan shekara huɗu, kana wari kamar kyanwar kasuwa. Yanzu an ce sai an kira ka "mai girma ɗan majalisa". Zan kira ka haka in mun haɗu a gaban mutane. A takarda kam Amandio kake.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Bakin tashar jiragen ruwanmu ya toshe. Tun da aka gina doguwar katangar nan a babbar tashar da ke arewa da mu, duk yashin da teku ya kwaso a ƙofarmu yake zube shi. Inda jirgin babana yake wucewa da lodinsa ko ruwa ya janye, yau sai ruwa ya cika maƙil, teku kuma ya yi lamo, kafin mutum ya yi kasadar fita. Daga farkon Satumba zuwa yau kwana tara kacal aka sauke jar tutar da ke hana jirage fita. Jirage ashirin da uku suna ɗaure suna gogar juna. Maza na zaune a kan katanga tun safe, suna kallon jiragen wasu garuruwa suna kwashe kifi a gaban idonsu.

Gwamnati ta aiko da takarda: duk wanda ya yarda a farfasa jirginsa, ya rabu da kamun kifi har abada, za a ba shi diyya, amma sai ya sa hannu kafin ƙarshen wannan wata. Tamu tana kan tebur, an danne ta da kwanon gishiri. Belmiro da ƙanensa Laurindo tare suka gaji jirgin. Laurindo ya ce a sa hannu, shi ya tafi Faransa aikin gini, don matarsa Gracinda tana da ciki na uku. Belmiro ya ce ba zai tsaya yana kallo a sa wa jirgin ubansa gatari ba. Sati biyu ke nan ba su ci abinci a tebur ɗaya ba.

Matan gari sun dame ni. "Idalina, ba ɗan'uwanki ba ne a Lizbon? Ba don shi muka jefa wa jam'iyyarsu ƙuri'a ba?" Saboda haka ga tambayata, kuma ba na son amsa irin ta rediyo: za a kawo jirgin yashe bakin nan, ko mu sa hannu?

Yayarka,
Idalina

Lizbon, 12 ga Nuwamba

Yaya Idalina,

Wasiƙarki ta iso ni lafiya. Muna nan ƙalau, sai ƙaramar da mura ta kama. Ki gaishe mini da Belmiro, ki ce masa ya daina ɗaga inji shi kaɗai, ba yaro ba ne.

Ban juya ambulan ba. Ina ganin hatimin gidan wayar Arnal sai da na ji warin kwandon nan a hancina.

Ki bar ta "mai girma". Kujerata tana layin ƙarshe, bayan wani ginshiƙi. In kakakin majalisa yana son ganina, sai na leƙo. Ni ne na kusa da ƙarshe a jerin 'yan takarar lardinmu, malamin makaranta da aka cike gurbi da shi, ba wanda ya zaci zan shiga, har ni. Wata goma sha huɗu ina nan, sau biyu na buɗe baki, duka a kan rufin azuzuwa.

Amma tun ran da takardarki ta zo ban zauna ba. Na nemo taswirar zurfin bakin tasharmu, na rubuta gyara ga kasafin kuɗin baɗi: a yashe bakin Arnal da zarar sanyi ya wuce, a kuma ƙara wa katangarmu tsawo. Na kai wa Dakta Seixas, shugaban 'yan jam'iyyarmu a majalisa, wanda ko kujera ba ta motsi sai da izininsa. A tsaye ya karanta, yana sa kwat.

Ya ce, "Mutum nawa ne a garin nan naku?"

Na ce, "Dubu da ɗari biyu."

"Har da jarirai?"

"Har da jarirai."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Malam, ashe kana da murya. Kai wa sakatare."

To, Yaya, jiya na gani da idona: maganar tasharmu ta shiga takarda, lamba arba'in da bakwai. Za a karanta ta a zauren majalisa ran goma sha bakwai ga Disamba. Ki faɗa wa mutanen gida ban manta da su ba.

Ƙanenki,
Amandio

Foz do Arnal, 20 ga Nuwamba

Amandio ɗan albarka,

Allah ya ba ƙaramar lafiya. Ku dafa mata ɓawon lemon tsami da zuma. Mu kam tun da wasiƙarka ta zo har gwiwata ta daina ciwo.

A bakin coci na karanta ta, ana fitowa daga ibada. Sau biyu suka sa na maimaita wajen "na gani da idona". Da ka ga garin nan! Belmiro ya wuce gida kai tsaye, ya ɗaga kwanon gishiri, ya cusa takardar diyyar a murhu. Mutum goma sha ɗaya ne suka yi irin haka kafin yamma.

Laurindo ne kaɗai ya tsaya jan magana. Ya ce, "Yaya Idalina, cewa ya yi ta shiga kasafi, ko ta shiga takarda?"

Na ce, "Kai kuma! Wace takarda gare su a can in ba kasafin ba? Har lamba ya ba mu."

Ya sosa kai, ya ce shi ke nan. Jiya ya rubuta wa ɗan kwangilar Faransa ya ce a ba wani gurbinsa. Da rana su biyun suka ci miyar kabeji a teburina, suna gardamar kalar fentin da za su yi wa jirgi.

Na ba direban safa burodin masara biyu da busasshen kifi ya kai maka. Kuma mu mata mun yanke shawara za mu ɗauki shatar mota mu zo ran sha bakwai, mu ji da kunnenmu ana kiran sunan garinmu a majalisa. Ka sa kwat ɗinka mai kyau.

Yayarka,
Idalina

Foz do Arnal, 9 ga Disamba

Amandio,

Lafiya dai? Direba ya ce ya danƙa saƙon a hannun maiɗakinka, amma shiru. Na gaya wa mata aiki ne ya yi maka yawa. In ƙaramar ce jikin ya tsananta, ka sanar da ni.

Wa'adin diyya ya wuce. Mutum huɗu kawai suka sa hannu, ana ta yi musu dariya. Jar tuta tana sama kwana goma sha tara a jere. Mu arba'in da ɗaya ne za mu zo, har da Gracinda da cikinta, ta ƙi jin magana. Ka gaya wa masu gadi su bar mu mu hau benen 'yan kallo.

Idalina

Lizbon, 19 ga Disamba

Yaya Idalina,

Ina gaishe ki, ina kuma fata kun isa gida lafiya, musamman Gracinda. Ƙaramar ta warke tuntuni. Ba ita ce ta hana ni rubutu ba.

Zan fara da abin da ba ki gani ba, don shi ya fi muni. Wasiƙarki ta murna ta same ni ran ashirin da huɗu ga Nuwamba. Ina karanta tambayar Laurindo na gane abin da na yi. Takardar da nake nufi ita ce jerin abubuwan da za a yi muhawara a kansu. Gyara ɗari da wani abu ne a ciki, kuma yawancinsu a nan suke mutuwa. Saura kwana shida wa'adin diyya ya cika. Da na buga waya shagon kofi na bakin tasha na ce a kira ki, da kowa ya sake karɓo takarda ya sa hannu. Sau biyu na juya lambar, ina jin an ɗauka sai in ajiye. Na ce wa kaina, bari in matsa lamba har abin ya zama gaskiya, ba sai na ba ki kunya a gaban gari ba. Ƙarya nake yi wa kaina. Tawa kunyar nake gudu.

Saura kwana biyu muhawara Dakta Seixas ya kira ni ofis. Ya ce an daidaita da minista: kuɗin tashoshi duka za su tafi manyan tashoshi biyu, ƙanana kuma za a kafa kwamiti ya yi nazari. In janye gyarana.

Na ce, "Dakta, mutane sun ƙona takardun diyyarsu saboda maganata."

Ya ce, "To wa ya aike ka yi musu magana?"

Sai ya sassauta murya. Ya ce rinjayenmu siriri ne. In gyara ɗaya ya wuce ba da yardar gwamnati ba, saura za su biyo baya, kasafi ya wargaje, gwamnati ta faɗi, a yi wata shida ba a biya kowa komai ba. Ya buɗe shafi ya ɗora yatsa. "Ga ƙarin fanshon matan masunta da mazansu suka mutu a teku. Shekara bakwai suna jira. Kai za ka je ka gaya musu su ƙara jira?" Na janye.

Ban san 'yan adawa sun kwafi gyaran don su gabatar da shi da kansu ba. Sauran kin gani daga sama. Kin ga zauren da ba mu kai mutum talatin ba lokacin da ake maganar teku. Kin ji wanda ya yi minti goma yana yabon "jaruman masuntanmu" alhali ya kasa faɗin sunan garinmu daidai. Kin ji minista yana cewa ƙananan tashoshi kayan tarihi ne, masu yawon buɗe ido za su so su. Sannan wani ɗan adawa ya miƙe ya karanta maganata, kalma bayan kalma, har da zurfin ruwan da na auna daga taswira, ya rufe da cewa, "Wanda ya rubuta wannan yana can bayan ginshiƙi. Malam, leƙo mana mu gan ka!" Zaure ya fashe da dariya.

Aka kaɗa ƙararrawa, waɗanda ke shan kofi suka cika kujeru. Kakaki ya ce masu adawa da gyaran su miƙe. Na ɗaga kai na gan ku a jere da baƙaƙen gyalenku. Na ji Dakta ya juyo yana kallona. Na miƙe.

Da ƙuri'a ɗaya aka kayar da shi. Kin san ta wane ne.

Na fito nemanku a ƙofa, aka ce motarku ta tashi. Ba na neman ki yafe mini. Ina so dai ki sani daga bakina.

Amandio

Foz do Arnal, 21 ga Janairu

Amandio,

Ina gaishe ka don an koya mini a fara da gaisuwa. Ga labarin lafiyarmu: Belmiro yana asibitin lardi, haƙarƙarinsa uku sun karye. Laurindo mun binne shi shekaranjiya.

Wasiƙarka wata guda tana cikin aljihun rigar aikina. Sau ɗaya na karanta, ban nuna wa kowa ba.

Ka ce na gani daga sama. Na gani. Mai gadi ya gargaɗe mu ba tafi, ba magana. Da ka miƙe, Gracinda ta zaci masu goyon baya ne ke tashi, har ta damƙi hannuna tana murmushi. Sai ta ga mutumin da ya karanta maganarka yana zaune. Ta ce, "Yaya, me ya sa shi bai tashi ba?" Da ta gane, ta kira sunanka da ƙarfi, sau ɗaya, suka fitar da ita. Ban sani ba ko ka ji. Awa takwas muka yi a mota, ba wadda ta buɗe ƙunshin abincinta.

Tun daga ranar ba wanda ya zage ni. Da ma sun zaga. In na shiga wurin gyaran koma sai hira ta mutu. Ni na karanta a bakin coci, ni na ce wa Laurindo "kai kuma".

Kirsimeti ta wuce ba a jiƙa koma ba. Kwana hamsin da wani abu jar tuta ba ta sauka ba. Ran goma sha biyar ga wata gari ya waye teku kwance kamar man zaitun, aka sauke ta. Jirage bakwai suka fita da cikar ruwa, har da namu. Laurindo ne ma ya fara tsalle ciki. Na ji yana ce wa Belmiro, "Tunda ka hana ni zama magini, ai sai ka bar ni in zama masunci."

Da la'asar iska ta juya. Duk gari muka hau katanga. Shida suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana jiran igiyar ruwa ta ɗaga shi ta tsallakar da shi tudun yashin. Namu ne na ƙarshe, ya yi nauyi da kifi, ruwa kuma ya fara janyewa. Belmiro ya ƙirga igiyoyin ruwan daidai, kowa ya shaida. Amma cikin jirgin ya daki yashi a inda ko makon jiya ba yashi. Ya tsaya cak, ya karkace, igiya ta biyu ta hau kansa.

Ba nisa, Amandio. Muna ganin fuskokinsu. Maza suka jefa igiyoyi suka jawo Belmiro da ma'aikatan jirgin biyu. Laurindo mun ga hannunsa sau biyu. Kwana uku bayan haka teku ya ajiye shi a gaɓar kudu.

Jirgin ya farfashe, ba da gatarin gwamnati ba, saboda haka ba diyya. Wani ma'aikaci ya zo jiya ya gaya wa Gracinda cewa ta yi sa'a, fanshon ya ƙaru bana. Ta dube shi kawai har ya tattara takardunsa ya fita.

Ba ni da abin da zan ƙara.

Idalina

Lizbon, 26 ga Janairu

Yaya,

Allah ya ji ƙan Laurindo, ya ba Belmiro lafiya, ya sauki Gracinda lafiya. Na ji kiran da ta yi mini ranar a majalisa. Har yau ina jin ta.

Na rubuta takardar ajiye kujerata, tana gabana, gobe ko jibi zan miƙa. Ba zan iya ƙara zama a zauren nan ba. Dakta ya ce in yi tunani, ya ce za a sa ni a kwamitin nazarin ƙananan tashoshi in na tsaya. Ban ba shi amsa ba. Zan koma aji. Kafin nan ina so in zo Arnal, in tsaya a bakin coci inda kika karanta wasiƙata, in gaya musu ba laifinki ba ne, nawa ne. Ki faɗa mini ranar da ta dace.

Ƙanenki,
Amandio

Foz do Arnal, 2 ga Fabrairu

Amandio,

An sallamo Belmiro, yana takawa a hankali. Gracinda ta sauka ran Alhamis, mace, dukansu lafiya. Ina fata naka iyalin suna lafiya.

Na buga waya gidanka, maiɗakinka ta ce ba ka miƙa takardar ba tukuna. Kada ka miƙa. Kuma kada ka zo.

Ka zo ka tsaya a bakin coci ka yi kuka, wasu su tofa maka yawu, wasu su ji tausayinka, ka hau mota ka koma da zuciya sakayau. Mu fa? Mu wayi gari da yashinmu. Na tambayi limamin cocinmu wanda zai hau kujerarka in ka sauka. Ya ce na bayanka a jeri ne, wani mai gonar inabi daga kan tudu, wanda bai taɓa ganin teku ba sai a hutu. Ba ka ji kunya ba, shi za ka bar mana?

Belmiro ba shi da jirgi, kuma ba shi da wata sana'a. Gracinda ba ta da inda za ta da 'ya'ya uku. Ni dole gobe in shiga wurin gyaran koma in zauna cikin matan da ba sa yi mini magana. Ba wanda aka ba izinin tafiya a cikinmu. Kai ma ban ba ka ba. Kujerar nan ba taka ba ce, da ƙuri'unmu aka saye ta, kuma saura shekara biyu da rabi. Ka shiga kwamitin nasu. Ka sake rubuta gyaran a kasafi mai zuwa. In sun ce ka janye, ka riga ka san abin da janyewa take ci. Wasiƙarka ta Disamba kuwa zan karanta musu da kaina ran Lahadi, dukanta, har da maganar wayar.

Tun da Belmiro ya dawo, kullum in ruwa ya janye sai ya ɗauki doguwar gora ya sauka bakin tasha. Na hana shi, ya ƙi. Yana shiga har tsakiyar mashigar yana aunawa, ya dawo ya faɗa mini, in rubuta. Zan riƙa aiko maka duk mako. Ka tashi ka karanta musu, ko kujeru ne kaɗai ke saurare.

Ga na farko. Litinin, ɗaya ga Fabrairu, tsakiyar bakin tashar Arnal: bai ma buƙaci gorar ba. Ruwan a gwiwarsa ya tsaya.

Yayarka,
Idalina